Guntun Ƙirgin da Na Jefa wa Duna

Na ji abin da kuke faɗa, ku samarin da aka ɗauka bana, da kuke tsayawa a bakin teburin zaɓe kuna ɗaga fata da yatsa biyu kamar za ta cije ku. Wai aikin mai zaɓen fata ba aiki ba ne, tsayuwa ce kawai a inuwa: ka ɗaga ka jefa dama, ka ɗaga ka jefa hagu, a tashi. To madalla. Ni na yi wannan tsayuwar fiye da shekara talatin, daga Bompai zuwa Sharada, daga Sharada zuwa Challawa, kuma har gobe in kuka ɗaure min ido kuka miƙo min fatar akuya, zan gaya muku ta ƙasar Sakkwato ce ko ta Barno, da damina aka yanka ta ko da rani, mahaucin da ya feɗe ta a natse yake ko an ɓata masa rai a gida da safe. Ba cika baki ba ne, an gwada ni. Amma wannan hannun da nake taƙama da shi, shi ya kashe min kare. Wanda zai yi dariya don dattijo yana maganar kare, ya yi tun yanzu ya gama, sannan ya saurara.

Fatar farko da aka jefo min a Bompai ta wani jan bunsuru ce. Lokacin ana cikin shekarun farin nan da ya kori mutane daga karkara. Gonarmu ta Zawaciki ba ta ba mu abin da zai kai mu ko tsakiyar rani ba, sai mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Tanko. Baba Tanko majemi ne ɗan majemi daga cikin gari, kamfanin fata ya ɗauko shi saboda Turawan wurin sun gane injinsu ba ya ganin abin da shi yake gani. Gajere ne, bagaruwa ta rina masa hannu har gwiwa, ga masifa.

Ya ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Fata, Baba."

Sai ya fizge ta ya maka min a ka. Ya ce, "Jaki ma ya san fata ce. Ɗaga ta ka kalli haske ta cikinta."

Na ɗaga. Sai ga ƙananan huji birjik kamar an bi ta da allura, ya ce cizon kaska ke nan. Ga dogayen zane a gadon baya, ya ce ƙaya ce. Ga wani wuri kusa da ciki ya yi sirit, haske na wucewa, ya ce nan wuƙar mahauci ta zarme. "Duk wannan," in ji shi, "a kan takalmin wata Baturiya zai fito. Ta mayar da shi kanti, a ce mutanen Kano ba su san aiki ba. Kai ne mutanen Kanon."

Shekara guda cur ban taɓa alli ba, allin da ake rubuta lambar fata da shi. Dako nake yi, in sauke ɗauri daga mota, in kwance, in kakkaɓe, in jera masa. Kayan aikinmu ba su da yawa: tebur mai gangara a bakin ƙofa inda haske ke shigowa, alli, wuƙar datsa mai nauyi, dutsen wasa ta, da doguwar ƙugiya ta jawo fata daga rami. Sauran kayan a jikinka suke, ido da hanci da tafin hannu, har da kunne. Fatar da aka baza a ƙasa cikin rana tana da kyau a ido, amma ta dahu ta ciki. In ka lanƙwasa ta kusa da kunnenka za ka ji tana ƙaras-ƙaras, kuma ranar da ta shiga ruwa sai ta saki jiki ta zama tsumma. Wadda aka ɗaure a katako aka shanya a inuwa kuwa, shiru take lanƙwasuwa. Daga nan kake raba su: lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku, sai rijet, wadda ba ta isa a ba ta lamba ba. Haka ake yi wa fatar akuya da ta tumaki, haka ake yi wa ƙirgi, wato fatar saniya.

Amma kafin ido da hannu, akwai abin da Baba Tanko ya fara dasa min. Duk motar da ta shigo, ba ya yarda a kwance igiya sai ya tsaya gaban mai kayan ya yi masa tambaya uku. Daga ina? Yaushe aka shanya? Ta sha magani? Ko mutumin jiya ya zo, yau ma sai ya tambaye shi. Ni a raina ina ganin tsufa ne kawai da son magana.

Maganin nan kuwa ku san shi, don yanzu an daina irinsa. Wani farin gari ne da ke zuwa a durom mai hoton ƙoƙon kan mutum. Ana kaɗa shi a wani tankin siminti, a tsoma busasshiyar fata a ciki, a rataye ta tsane, don kada ƙwaro ya cinye ta a sito ko a jirgin ruwa. Guba ce tsantsa, ba ta da wari. Saboda haka aikin yana da tsari: a zaɓa, a datse, sannan a tsoma. Datsa ita ce cire gefen ƙirgi da kamfani ba ya so, kumatu da ƙafafu da gindin wutsiya. Waɗannan guntayen, bisa al'adar wurin, na ma'aikata ne. Mu kai gida, mata su jiƙa su kwana biyu, su babbake, su kankare, su dafa ganda. Tunda kafin tsomawa ake datsewa, babu wanda ya taɓa ko ciwon ciki.

Wata mota da ba na mantawa ita ce ta farko da Baba Tanko ya bar ni na zaɓa ni kaɗai. Ta Alhaji Bukar ce, wani falke daga wajen Nguru, dogo mai yawan fara'a, wanda in ya gaishe ka sai ka duba aljihunka don daɗin bakinsa. Ya ga an ba sabon hannu alli, sai murna ta kama shi. Ya jera kyawawan fatu a sama da ƙasan kowane ɗauri, munanan a tsakiya, kuma duk inda wuƙa ta ci ya sa an shafe da laka da toka, ya bushe ya yi sumul. Na bi da tafin hannu, na ji wani wuri ya fi sauran sanyi. Na sa farce na karce. Laka ta zubo.

Ya ce, "Kai, wannan ai ƙasar hanya ce."

Na ce, "Alhaji, ƙasar hanyarku tana da basira, ba ta zama sai a inda wuƙa ta yanka."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya juya ya ce da Baba Tanko, "Ka haifi wanda ya fi ka mugunta." Da aka tashi Baba Tanko ya miƙo min rabin goronsa. Tun daga ranar muka saba da Alhaji Bukar. Yana gwada ni, ina kama shi, ba a taɓa faɗa ba.

Wata safiya a Sharada, bayan na bi Baba Tanko mun koma wani kamfanin, na je jawo fatu daga ramin farar ƙasa, inda ake jiƙa su don gashi ya saki. Sai na ji wani ɗan kuka siriri. Ɗan kwikwiyo ne baƙi, ya biyo ƙarnin nama ta ƙarƙashin wayar shinge ya faɗa ciki, yana ta fafutuka a gefe. Ruwan nan yana cin fatar mutum ma, balle tasa. Na sa ƙugiya na ɗago shi, na kai shi bakin famfo na yi ta sheƙa masa ruwa. Lebarori suna cewa in wurga shi bayan katanga, ai ya gama. Baba Tanko ya zo ya tsaya a kaina, ya dube shi, ya dube ni.

Ya ce, "Da ka bar shi a ciki, ba ruwanka. Tunda ka ciro shi, ya zama naka. Allah zai tambaye ka shi."

Na sa shi a buhu na ɗaure a bayan keke. Matata Hajara tana ganin abin da ya leƙo daga buhun ta ja da baya.

"Malam, kare? A gidan nan da nake salla?"

Na ce gidanmu ne na ƙarshe a bakin gona, an sace mana akuya bara, kuma liman ya ce na gadi da na gona babu laifi. Ta ce ta ji, amma da sharaɗi: ba zai taka mata tsakar gida ba, ba zai kusanci randa ba, kaskonsa daban. Aka yi masa wuri a bayan gida kusa da turken awaki. 'Yarmu ta fari, Sa'a, wadda a lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba, ita ta sa masa suna Duna saboda baƙinsa. Ya warke, sai dai gefen cikinsa na hagu, wuri kamar faɗin tafin hannu, gashi bai sake fitowa ba har abada.

Sharaɗin nan Duna ya riƙe shi fiye da yadda wasu mutane ke riƙe alkawari. Yakan zo daidai bakin ƙofar tsakar gida ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan dokin ƙofa, bai taɓa tsallakewa ba. Ba a ƙara sace mana ko kaza ba. In Hajara za ta rijiya, yana gabanta. Ranar da ya tare kububuwa a gindin rumbu, daidai inda Sa'a da ƙannenta ke wasan 'yar tsana, ya yi ta haushi ya hana su matsawa har aka zo aka kashe ta, daga ranar na lura ƙanzon tukunya ya daina zuwa wurin yara. Na ce, "Hajara, ashe an shirya da mutumin?" Ta ce, "Ni ba sonsa nake ba, hakkinsa nake fita." Haka ta yi ta fitar hakkinsa shekara bakwai, har da romo.

Ni da shi kuwa muna da tamu al'adar. Akwai wata tsamiya a inda hanyar gidanmu ta rabu da babbar hanya. Kekuna ɗari za su wuce bai ɗaga kai ba, amma ya san ƙarar sarƙar nawa. Kullum da yamma a nan nake samunsa. Ranar da na zo da guntayen ƙirgi, sai in sa hannu a buhu ba tare da na sauka ba, in zaro mafi kauri in jefa masa. Ba ya ci a nan. Sai ya ɗauka a baki ya shige gaban keke, wutsiya a sama, har gida, kowa ya ga abin da maigidansa ya ba shi. Sannan ya kwanta ya yi ta gwagwiya.

Da aka buɗe sababbin kamfanoni a Challawa, wani ya neme ni in zama babban mai zaɓe. Ga shi kusa da gida. Baba Tanko ya riga ya ajiye aiki, ido ya yi rauni, ba a daɗe ba kuma Allah ya yi masa rasuwa. Na zama ni ne Baba Tankon wurin. Wani Bature ɗan Italiya da ke zuwa saye ya taɓa sa aka ɗaure min ido da hankicinsa, ya yi ta miƙo min fatu, ban kuskure ko ɗaya ba, har ya cire hularsa. To daga nan kai ya fara girma. Tambayoyin nan uku sai na ga ɓata lokaci ne. Daga ina? Ai hannuna ya gaya min. Yaushe aka shanya? Kunnena ya ji. Ta sha magani? Fatar da ta sha magani tana da wani ɗan farin gari-gari a gashi, da ɗan tauri, ina ganewa tun daga nesa. Me zan tambayi falke, wanda rabin maganarsa talla ce? A hankali na daina, kuma babu wanda ya isa ya tuna min.

Sai shekarar bushiya ta zo, ciwon da ya shiga shanu ya yi ta kayar da su garke-garke. Ku ba ku ga wannan ba, kada Allah ya nuna muku. Fulani suna kuka kamar yara. Mu kuma a kamfani ƙiraga suka yi ta kwararowa, mota bayan mota, har muka rasa wurin ajiya. Yawancinsu na mushe ne, dabbar ta mutu kafin a kai ga wuƙa, an feɗe a gaggauce, an baza a ƙasa. Ƙwaro ya samu abin da yake so. Muna fara zaɓe da sassafe, ba ma ɗagowa sai la'asar, hannu duk ya farfashe.

A shekarar lebarori suka daina ɗaukar guntaye gaba ɗaya, don tsoron kada mutum ya kai wa iyalinsa mushe. Ni kuwa na ce wannan tsoron na wanda bai san aiki ba ne. Ƙirgin mushe ba ya ɓuya: jinin bai fita ba, sai ka ga jijiyoyi sun yi baƙi sun yi rassa a cikinsa, wuyan kuma babu bakin yanka. Na dabbar da aka yanka fes yake. Saboda haka na ci gaba da zaɓen nawa ina kaiwa gida, ina ma yi musu tsiya.

Wata Laraba Alhaji Bukar ya iso da mota biyu. Muka sauke ta farko. A cikin tarin mushen nan na ci karo da ƙiraga kamar goma masu kyau, yankakku, shanyar inuwa, irin waɗanda muka yi wata ba mu gani ba. Na juya su, na duba wuya, na duba jijiya. Halal ne, babu shakka. Ban ga farin gari a gashi ba. Na datse su da kaina, na cika buhu. Alhaji Bukar yana zaune a inuwa, tsakanina da shi bai fi taku goma ba, muna ta wasa da dariya. Na duba ko yanka ne ko mushe, wannan kam na duba da kyau. Ɗaya tambayar ba ta ko zo min a rai ba.

A gindin tsamiya Duna yana jira. Na zaro masa gindin wutsiya, mai kauri, na jefa. Ya cafe tun bai taɓa ƙasa ba.

Hajara ta karɓi buhun, ta leƙa, ta ce, "Na ina ne?"

Haka take tambaya kullum, ko tumatir na kawo. Amma ranar na gaji, ga yunwa. Na ce, "Ke Hajara, ni za ki koya wa fata? Yanka ne, da hannuna na duba." Sai ta juye su a babbar roba ta zuba ruwa. Ranar Juma'a za ta dafa, kuma gandar Juma'a a gidanmu ba mu kaɗai ke ci ba, har 'ya'yan maƙwabta suna zuwa da kwanukansu.

Da safe Duna bai raka ni bakin hanya ba. Na leƙa bayan gida na same shi kwance, ya shanye ruwan kaskonsa tas, ya yi amai a gefe. Na ce ƙila kwaɗo ya kama. Na ƙara masa ruwa na hau keke.

Muna gama zaɓen mota ta biyu, wajen hantsi, na ce da lebarori su kwashi na jiya su kai tanki. Alhaji Bukar ya ajiye kofin shayinsa.

"A'a, Malam Haladu, kada ku ɓata maganinku. Waɗannan masu kyan ai sun sha tun a gida. Ni na sa aka tsoma su, har sau biyu ma, don na ga ƙwaron bana ba ya wasa. Sun fi wata biyu a rataye."

Alli ya faɗi daga hannuna. Wata biyu a rataye, ga doguwar hanya a buɗaɗɗiyar mota, dole alamar ta goge. Kuma duk wanda ya taɓa aikin tanki ya san inda ruwan magani ke taruwa in an rataye ƙirgi: a gefe, a ƙafafu da gindin wutsiya. Daidai abin da na datsa.

Na ce, "Alhaji, me ya hana ku gaya min jiya?"

Ya dube ni da mamaki, ba da wata manufa ba. Ya ce, "Ai ba ka tambaya ba. Tanko ne mai tambaya."

Ban san yadda na fita daga ƙofar kamfanin ba. Ina taka keke ina ganin robar nan a idona, ina ganin Sa'a da ƙannenta, ina tunanin ko Hajara ta ga sun yi laushi da wuri ta ɗora tukunya. Na wuce tsamiya babu kowa a gindinta. Na jefar da keken a ƙofar gida na faɗa ciki ina kiran sunanta.

Robar tana kan katanga, can sama inda yaro ko akuya ba za su kai ba, an rufe ta da faifai an danne da dutse. Hajara ta fito daga madafa.

Ta ce, "Ban taɓa ba, Malam. Ko ruwan ban zubar ba. Na duba abin da ya amayo, guntun jiya ne. Na ce abin da ya kayar da Duna ba zai shiga bakin 'ya'yana ba sai ka dawo ka faɗa min na ina ne."

Na zauna a ƙasa a wurin. Matar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta yi aikin da ni babban mai zaɓe na kasa.

Mun yi abin da muka sani. Muka ɗura masa nono, muka ɗura manja, Hajara ta daka gawayi ta kaɗa. Duk abin da ya shiga sai ya dawo. Na hau keke na nemo malamin dabbobi a bakin kogi, inda ake yi wa shanu allura, ya yi gumi sharkaf a tsakiyar garke. Ya ce, "Malam, shanu na mutuwa kana kawo min maganar kare?" Da ya ga fuskata sai ya sassauta. Ya tambayi abin da ya ci da lokacin da ya ci. Ya girgiza kai ya ce in koma in sa shi a inuwa, in ba shi ruwa, kada in bar shi shi kaɗai.

Da na dawo, tun daga nesa ya ji sarƙar keken. Ba ya iya ɗaga kai, amma na ga wutsiyar ta motsa sau biyu a ƙasa. Ni da na ba shi abin da hannuna, ni yake yi wa maraba. Wannan ya fi komai ci min rai, kuma har yau yana ci.

Rana ta juyo bayan gida, inuwa ta bar wurinsa. Hajara ta tsaya ta dube shi, sannan ta shiga ta ɗauko tsohon buhu ta shimfiɗa a inuwar ɗakinta, a tsakar gida. Ta ce, "Shigo da shi." Na ɗauko shi. Da muka zo dokin ƙofa sai na ji ya ɗan taƙure a hannuna, don ya san nan ne iyakarsa. Hajara ta ce, "Shigo, Duna. Ni na ce." Sa'a ta zauna tana kore masa ƙuda da mafici tana kuka.

Na ɗora hannu a jikinsa, sai hannun ya kama aikinsa da kansa, don bai san wani abu ba. Ga cizon kaska a bayan kunne. Ga zanen ƙaya a kafaɗa. Ga tabon waya tun yana ƙarami. Ga faɗin tafin hannu a gefen hagu inda farar ƙasa ta ci. Da a kan tebur aka kawo min wannan fatar, rijet ce, ko kallo na biyu ba zan yi mata ba. Hannuna yana kan tabon farar ƙasar nan numfashinsa ya tsaya, bayan la'asar kaɗan. Na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa muku.

A wurinmu in kare ya mutu, igiya ake sa masa a ƙafa a ja shi juji. Ni na ɗauki fatanya da shebur na tafi ƙarshen gona na haƙa rami har ƙirjina, don kada ungulu ko wani karen ya tono ya ci gubar. Na haƙa na biyu na juye robar da ruwanta da buhun duka. Wani maƙwabcinmu da ke dawowa daga kasuwa ya tsaya ya ce, "Malam Haladu, yaushe ne sadakar uku, mu zo?" Na ce, "Gobe Juma'a. 'Ya'yanka uku suna cikin masu zuwa cin ganda da kwano. Da ba don shi ba, da guba za su ci." Sai ya ajiye kayansa ya karɓi shebur ya taya ni mayar da ƙasa.

Na gode wa Allah Baba Tanko bai ji wannan ba. Wani lokacin kuma sai in ji da ma yana raye, ya zo ya maka min ƙirgi a ka, ko na samu sauƙi. Ya ce za a tambaye ni karen nan, kuma na san za a tambaya.

Ranar Asabar na koma aiki. Na sa aka sayo jan alli, duk ɗaurin da ya sha magani, a nan ko a wani gari, sai an zana masa ja kafin ya sauka daga mota. Wannan jan zanen da kuke gani har yau kuna ɗauka ado ne, daga nan ya samo asali. Na koma tsayawa gaban kowane falke ina tambaya uku, har Alhaji Bukar, har wanda ya zo jiya. Hannuna bai ragu da komai ba, har yanzu babu wanda ya kai ni a layin nan, ku ma kun sani. Amma hannu abin da ke jikin fata kawai yake ji. Abin da aka yi mata wata biyu da suka wuce a wani gari, sai mai ita.

Na fi wata shida in na zo gindin tsamiya hannuna yana tafiya bayan keke neman buhu. Ban ƙara ajiye kare ba. Yara sun roƙa, Hajara ce ma ta ce a'a. Kaskonsa yana nan a kife a ƙarƙashin rumbu, mun sake rumbun sau biyu, ba ta bari an jefar ba.

To ga mota can ta shigo, na ga har ɗayanku ya kama igiya zai kwance. Sake ta. Je ka gaishe da mai kayan, ka tambaye shi daga ina, yaushe aka shanya, kuma me aka zuba mata. In ya yi maka dariya, bar shi ya yi. Ni yau da furfurata, in na shiga gida da leda, ko ta albasa ce, Hajara takan ɗago kai ta ce, "Na ina ne?" Sai in tsaya a bakin ƙofa, in ajiye ledar, in ba ta amsa tun daga farko.